Ta yaya aka san shekarun Kaza da 'Ya'yanta, alhali ba wanda ya ga haihuwarsu?

Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya karanta cewa taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta sun haura shekara miliyan 100, har ma an san yawan ƙarfen da ke cikinsu. Da ya faɗa wa ɗalibansa, sai ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya je ya auno?" Malam ya ce ya rasa ta cewa. Yana son ya sani: awo ne na gaske, ko kintace ne aka yi wa ado da alƙaluma?

Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan ɗalibi ka riƙe shi da kyau, domin tambayarsa ita ce tambayar da masu wannan sana'a suke yi wa juna a kowane taro.

Abubuwa biyun da ka ambata ba matsayinsu ɗaya ba. Sinadaran da ke jikin tauraro suna barin alama a cikin haskensa, ana kuma iya auna alamar. Shekaru kuwa ba su da alama ta kansu, ciro su ake yi daga wasu abubuwa. Ka tuna yadda dillali yake buɗe bakin rago a kasuwa ya duba haƙora ya ce maka wannan shekara biyu ne. Bai ga ranar da aka haife shi ba, amma ya san lokacin da rago ke famfara. Bambancinmu da dillali shi ne, shi ya sha ganin ɗan rago tun yana tsotso har ya girma, mu kuwa ba mu taɓa ganin tauraro ko ɗaya ya tsufa a gaban idonmu ba. Sanin da muka yi wa "haƙoran" taurari daga lissafin fiziks ya fito. Tauraro ɗaya tak muka san shekarunsa ta hanyar da ba ta dogara da wannan lissafi ba, wato Rana, domin an auna duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda suka samu tare da ita, aka sami kimanin shekara miliyan 4,567. Da ita ake daidaita duk sauran lissafin.

In ka ba ni tauraro guda mai kama da Rana ka ce in faɗi shekarunsa, zan sha wuya, domin irinsa yana shafe shekara biliyoyi kamanninsa ba su canja sosai ba. Abin da ya sa masana suke son gungun taurari ke nan. Gungu irin na Kaza ya samu ne daga gajimare guda na iska da ƙura, wanda ya dunƙule ya haifi ɗaruruwa ko dubban taurari kusan a lokaci ɗaya. Saboda haka tsara ne, daga tukunya ɗaya aka kwaso su, kuma nisansu daga gare mu kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta su kawai nauyi. Irin wannan gungu, da taurarinsa suke a wawware har ana iya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, shi nake kira sakakken gungu. Akwai wani iri dabam, dunƙulallen gungu, mai taurari dubu ɗari ko fiye da suka cure wuri ɗaya, waɗanda shekarunsu kan kai biliyan 12. Ba su ne zancenmu ba.

Aikin farko, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne tantance 'yan gida da baƙi. Tun 1767 wani Bature ɗan Ingila, John Michell, ya lissafa cewa da wuya ƙwarai a ce haɗuwar taurarin Kaza a wuri ɗaya dace ne kawai, lalle akwai abin da ya haɗa su. Amma ba duk wanda ka gani a tsakar gida ne ɗan gidan ba. Misali mafi kyau yana kusa da Kaza, wajen gabas: gungun Hayadis, mai siffar baki biyu da suka haɗu kamar tsinin kibiya. Tauraron da ya fi kowa haske a wurin, jan nan da Larabawa ke kira Dabaran, ba ɗan gungun ba ne sam. Yana nisan tafiyar haske ta shekara 65, gungun kuwa yana can baya a kimanin 153. Layi ɗaya kawai suka faɗo a idonmu. In ka kuskura ka sa Dabaran cikin lissafin Hayadis, ka ɓata komai.

Ana gane 'yan gida ne ta tafiyarsu da nisansu, domin tare suke tafiya kamar ayari. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba a Disamban 2013 ya yi aiki har farkon 2025, ya auna matsayi da motsi da nisan taurari fiye da biliyan ɗaya. Tun da bayanansa na 2018 suka fito wannan fanni ya canja kama. An gano sabbin gungu da yawa, an kuma gano cewa wasu da suka shafe fiye da shekara ɗari a littattafai ba gungu ba ne, taurari ne da ba abin da ya haɗa su. Kaza, wadda ido ke ganin shida ko bakwai, Galileo kuma ya zana 36 a 1610, yanzu an san 'ya'yanta sun haura 1,000.

Da an tace 'yan gida, sai a zana jadawali. A gefen tsaye a sa ƙarfin haske, masu haske a sama, dusassu a ƙasa. A gefen kwance a sa launi, shuɗi a hagu, ja a dama. Launi shi ne ma'aunin zafi, kuma a nan ɗalibai kan rikice: tauraro shuɗi ya fi ja zafi, kamar yadda harshen wutar gas shuɗi ya fi jan garwashi. Fatar Rana tana da zafin kimanin digiri 5,500, manyan 'ya'yan Kaza sun ninka haka. Ejnar Hertzsprung, ɗan ƙasar Denmak, ya yi irin wannan zane da Kaza da Hayadis a 1911, Henry Norris Russell na Amurka ya yi nasa a 1913, shi ya sa jadawalin ke ɗauke da sunansu.

Abin mamaki, taurarin ba sa warwatsuwa a kan takarda. Sahu suke yi, siriri, daga saman hagu zuwa ƙasan dama. Wannan babban sahu shi ne na taurarin da ke ƙona haidirojin a tsakiyarsu suna mai da shi hiliyam. Masu nauyi suna sama, marasa nauyi suna ƙasa. Hankali zai ce mai nauyi ya fi makamashi, don haka zai fi daɗewa. Akasin haka ne. Babban tauraro wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu. Ƙarami kuwa gawayi ne da aka rufe da toka. Rana za ta yi kimanin shekara biliyan 10 a kan sahu. Wanda ya ninka ta biyu a nauyi zai yi biliyan ɗaya da 'yan kai. Mai ninki biyar, wajen miliyan 100. Mai ninki ashirin, da ƙyar ya kai miliyan 10.

To ka ga inda haƙoran suke. Tun da tsara ne, manya su ne za su fara ƙare haidirojin na tsakiya, su kumbura, su huce, su yi ja, su fice daga sahu zuwa dama. Sahun yana cinyewa daga sama zuwa ƙasa kamar kyandir. Wurin da ya karya kwana ya nufi dama, nan ne agogon. A Kaza, sahun ya miƙe har can sama ga shuɗɗan taurari masu nauyin Rana huɗu zuwa biyar, kuma babu jan ƙato ko ɗaya a cikinta, ke nan yarinya ce. A Hayadis kwanar tana wajen nauyin Rana biyu da 'yan kai, ga kuma jajayen ƙatti huɗu, shekarunta tsakanin miliyan 625 da 700 da wani abu. A gungun M67 kwanar ta sauko har kusa da taurari masu ɗan fin Rana nauyi kaɗan, shekarunsa kimanin biliyan 4. Gungun NGC 188 ya kai biliyan 6 zuwa 7, gungun NGC 6791 wajen biliyan 8. Irin waɗannan dattawa ba su da yawa, domin yawancin sakakkun gungu suna watsewa cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru, kowane tauraro ya kama gabansa.

A aikace, ba da ido ake karanta kwanar ba. Ana sa kwamfuta ta lissafa rayuwar taurari masu nauyi iri-iri, sannan a ce mata: tsayar da su duka a shekara miliyan 100, nuna min inda kowa yake a jadawali. Layin da ya fito ni ina kiransa layin tsara. A yi na miliyan 80, na 120, na 150, a ɗora su a kan taurarin gaske a ga wanda ya hau daidai.

Nan ne gizo ke saƙar. Abubuwa huɗu ne ke motsa layin tsara a kan takarda, kuma suna iya kwaikwayon juna: shekaru, nisa, ƙurar da ke tsakaninmu da gungun, da yawan sinadarai masu nauyi a jikin taurarin. Ƙura tana dusashe haske tana kuma ja shi zuwa ja, kamar yadda Rana ke yi da yamma a lokacin hazo. Robert Trumpler ne ya tabbatar da wannan ƙura a 1930, kuma da sakakkun gungu ya yi aikin: ya ga na nesa sun fi dusashewa fiye da yadda girmansu ya nuna. Yawan ƙarfe a jikin tauraro shi ma yana sa shi ya yi ja. Tsufa ma yana kai kwanar wajen ja. Saboda haka in ka ga gungu ya yi ja, tsoho ne, ko mai ƙarfe ne, ko kuwa ƙura ce ta rufe shi? Lokacin ina ɗalibi na taɓa kwashe mako biyu ina ɗora layi a kan wani gungu, na kai wa malamina amsa ina murna. Bai ce komai ba, ya ƙara ƙura kaɗan, ya rage ƙarfe kaɗan, sai ga wani layi ya hau daidai kamar nawa, da bambancin shekaru kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun ranar na daina yarda da shekarun da aka ciro daga launi kaɗai.

Nisa ma ya taɓa ba mu kunya, kuma a kan Kaza ɗin nan. Kumbon Hipparcos, wanda ya riga Gaia, ya ba da nisan kimanin shekarar haske 390, alhali sauran hanyoyi suna cewa wajen 440. Bambancin kamar ƙarami ne, amma in Hipparcos ya yi daidai, 'ya'yan Kaza sun fi abin da lissafi ya ce dusashewa da fiye da kashi 20 cikin 100, ke nan ko dai akwai abin da ba mu fahimta ba game da taurari, ko sinadaran Kaza baƙi ne. An shafe fiye da shekara goma sha biyar ana ja-in-ja. A 2014 aka auna da na'urorin rediyo da aka haɗa daga wurare masu nisa da juna, aka sami kimanin 444, daga baya Gaia ya tabbatar. Kuskuren na kumbon ne, lissafin taurari ya tsira.

Hanyar warware ƙullin ita ce a cire abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya ta hanyoyin da ba su dogara da juna ba. Gaia ya ɗauke mana nauyin nisa ga gungu na kusa. Sinadarai kuma sai a auna su dabam, kuma a ra'ayina kullum su ya kamata a fara aunawa kafin a yi zancen shekaru.

Ga yadda ake yi. In aka bi da hasken tauraro ta na'urar da ke rarraba shi, sai ya baje kamar bakan gizo. In na'urar mai kyau ce, za ka ga bakan cike da siraran layuka baƙaƙe, dubbai. Joseph Fraunhofer ya gan su a hasken Rana a 1814, Kirchhoff da Bunsen suka gano ma'anarsu wajen 1860: kowane sinadari yana shanye haske a wurare nasa na kansa, kamar tsagar gado da ake gane dangi da ita. Baƙin ƙarfe kaɗai yana da dubban layuka a hasken tauraro irin Rana, shi ya sa aka mai da shi ma'auni, ba don ya fi sauran yawa ba. Oksijin da kabon sun fi shi yawa, amma layukansu kaɗan ne kuma masu wuyar sha'ani.

Sai dai duhun layi ba ya nuna yawan sinadari kai tsaye. Wannan tarko ne ya kama masana na farko, suka ɗauka Rana da Ƙasa kayan gininsu ɗaya. Cecilia Payne ce ta nuna a 1925 cewa zafi ne ya fi komai juya ƙarfin layukan, kuma in aka cire tasirinsa, taurari kusan duk haidirojin ne da hiliyam. A fatar Rana, in an bi nauyi, haidirojin ya kusa kashi 74 cikin 100, hiliyam wajen 25, duk sauran sinadaran duniya ba su kai kashi 2 ba. Wannan ɗan ragowar shi muke wahalar aunawa. Masu ilimin taurari suna kiransa "ƙarafa" gaba ɗaya, har da oksijin da naitirojin, abin da ke ɓata wa malaman kemistiri rai, kuma suna da gaskiya.

Saboda haka mai awo sai ya fara gano zafin fatar tauraron da ƙarfin jan nauyi a kanta. Akwai dabara mai kyau: layukan ƙarfe iri-iri ne, wasu suna ƙarfi da zafi, wasu suna raunana. Tauraro ɗaya ba zai yiwu ya zama da yawan ƙarfe biyu ba. Sai a yi ta gyara zafin da aka zata har duk layukan su ba da amsa guda. Haka ake yi da layukan ƙarfen da ya rasa ƙwayar lantarki (ilektiron) ɗaya da wanda bai rasa ba, don a gano jan nauyi. Kuskuren digiri 100 a zafi yana iya karkatar da amsar ƙarfe da kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Shi ya sa in ƙungiyoyi biyu suka auna gungu ɗaya, ba abin mamaki ba ne amsarsu ta bambanta da kimanin haka, ko da kowacce ta rubuta cewa kuskurenta ɗan mitsitsi ne.

Ana rubuta sakamakon da alamar Fe/H, wato yawan ƙarfe (Fe) bisa haidirojin (H), a gwada da Rana. Sifili yana nufin daidai da Rana. In an ce +0.3, ninki biyu ke nan. In an ce −0.3, rabi, −1 kuwa kashi ɗaya cikin goma. Kaza tana dab da sifili. M67 ma haka, shi ya sa ake son sa: shekarunsa da sinadaransa sun yi kusa da na Rana, ɗakin gwaji ne na taurari masu kama da ita. Hayadis tana wajen +0.13, wato ta fi Rana ƙarfe da kimanin kashi ɗaya cikin uku. NGC 6791 yana tsakanin +0.3 da +0.4. Wannan na ƙarshe ya kamata ka nuna wa ɗalibanka, domin yana rushe wata fahimta mai sauƙi. Tun da ƙarfe a cikin taurari ake ƙera shi, su watsa shi in sun mutu, mutum zai zaci tsofaffi kullum sun fi ƙarancin ƙarfe. Ga gungu ya girmi Rana da shekara biliyan uku da wani abu, amma ya ninka ta a ƙarfe. Inda aka haife ka ya fi lokacin da aka haife ka tasiri. Ana kyautata zaton daga can ciki ya samu, kusa da tsakiyar galaksinmu, wato babban taron taurarin da Rana take ciki, ya yi ƙaura zuwa inda yake yanzu.

Akwai abubuwa uku da nake so ka sani don kada ka ɗauki awon bakan haske kamar wahayi. Na ɗaya, hiliyam, wanda shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na tauraro, ba ya barin layin da za a auna shi da shi a taurari masu sanyi irin Rana. Zato ake yi masa bisa ƙa'ida, kuma yana shafar shekaru. Na biyu, fata muke gani, ba ciki ba. A tauraron da ya daɗe a kan sahu, sinadarai masu nauyi suna nitsewa a hankali kamar tsakin kunu. A M67 an ga taurarin da ke bakin kwana suna nuna ƙarfe ƙasa da na jajayen ƙatti na gungun, ba don an haife su dabam ba, sai don ƙattin sun dama cikinsu sun dawo da abin da ya nitse. Na uku, ita kanta Rana da muke gwada kowa da ita, har yau ana gardama a kan yawan oksijin ɗinta. Mafita ita ce awon gwadawa: ka ɗauki tauraro mai zafi da nauyi irin na Rana, ka auna shi da na'ura ɗaya, layi bayan layi, ka gwada da hasken Rana. Kurakuran sai su cinye juna. Da irin wannan aka ga cewa 'yan gungu ɗaya ba sa bambanta da juna a ƙarfe fiye da 'yan kashi kaɗan cikin 100.

Mu koma kan shekaru. Ko an san nisa da ƙura da ƙarfe, saura matsalar lissafin kansa. A tauraron da ya fi Rana nauyi, tsakiyarsa tafasa take kamar tukunya, kuma tafasar tana ɗan tsallake iyakarta ta jawo sabon haidirojin daga gefe. Iya nisan da take tsallakawa ba a iya lissafa shi daga tushe, sa shi ake yi da hannu. In ka sa kaɗan, tauraron ya mutu da wuri. In ka sa da yawa, ya daɗe. Wannan kaɗai ya sa shekarun Kaza suka yi ta yawo a rubuce-rubuce daga wajen miliyan 75 zuwa 150. Ga kuma juyawa: manyan 'ya'yan Kaza suna juyawa da gudun tsiya, wanda ke canja launinsu da tsawon ransu. Ga tagwaye, taurari biyu da muke gani kamar ɗaya, sai su fi haske su hau saman sahu. Ga kuma ƙarancin manyan: kwanar Kaza taurari 'yan ƙalilan ne suka zana ta.

Abin da ya sa na yarda da shekarun Kaza shi ne wata hanya dabam da ta zo daga ɗaya ƙarshen sahun, wajen ƙananan. Sinadarin litiyam yana ƙonewa a zafin digiri miliyan 2.5, ƙasa ƙwarai da abin da haidirojin ke bukata. Ƙaramin tauraro jariri yana tsukewa a hankali, tsakiyarsa tana ƙara zafi, kuma tun da dukan jikinsa tafasa yake, da zarar tsakiyar ta kai wannan zafi sai litiyam ɗinsa ya ƙare kakaf cikin ɗan lokaci. Mai ɗan nauyi yana riga mara nauyi kaiwa. Saboda haka in ka bi ƙananan taurarin gungu kana sauka, za ka ga babu litiyam, babu litiyam, sai kwatsam ga shi ya bayyana, layi guda a ɓangaren ja na bakan. Wannan iyaka agogo ce, kuma lissafinta mai sauƙi ne, duk masu lissafi kusan amsa ɗaya suke samu. A 1998 John Stauffer da abokan aikinsa suka same ta a Kaza da babban madubin hangen nesa na Keck da ke Hawayi, suka ce miliyan 125. Wani awo na 2015 ya ce wajen 112. Ka ga hanya ɗaya ta dogara da mutuwar manya, ɗaya da ƙuruciyar ƙanana, fiziks ɗinsu dabam, amma sun haɗu a tsakanin miliyan 110 da 130. Aibin hanyar litiyam shi ne taurarin dusassu ne ainun, sai gungu na kusa kuma matashi.

Ga tsofaffin gungu akwai wasu shaidun. Tagwayen da ke shiga gaban juna suna yi wa juna husufi suna ba mu nauyi da girman kowannensu da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin 100 ba, ba tare da lissafin rayuwar tauraro ba. In aka dace tagwayen suna bakin kwana, an sami ma'auni na zinariya, kuma da irinsu aka daidaita shekarun NGC 6791. Akwai gawarwakin taurari, fararen wadanni, waɗanda wutarsu ta mutu suna hucewa a hankali: mafi dusashewa a cikinsu yana nuna tun yaushe aka fara mutuwa a gungun. Akwai rawar jikin taurari, wadda kumbon Kepler da aka harba a 2009 ya auna a jajayen ƙattin NGC 6791 da NGC 6819, ita ma tana ba da nauyi.

Sai kuma juyawa, inda gungu ke biyan bashin wahalar da aka sha a kansu. Tauraro irin Rana yana rage gudun juyawa yayin da yake tsufa, abin da Andrew Skumanich ya nuna a 1972 da Kaza da Hayadis da Rana. A Hayadis irinsa yana zagaye kansa cikin kwana takwas zuwa tara, a NGC 6819 mai shekara biliyan 2.5 cikin kimanin kwana 18, Rana kuma wajen kwana 26. Da wannan tsani ake kintata shekarun taurarin da ba su da gungu. Amma lura, wannan agogon aro ne, da shekarun gungu aka saita shi, don haka ba zai zama shaida a kansu ba. Na sha ganin an juya hujjar a haka ba a ankara ba.

In ɗalibinka ya ce to mene ne amfanin duk wannan, ka ce masa gungu su ne turakun da ake auna tarihin galaksinmu da su. Manyan shirye-shirye irin Gaia-ESO da aka yi da maduban Paranal a ƙasar Chile, da APOGEE, da GALAH na Ostareliya, sun auna sinadaran gungu masu yawa, aka ga ƙarfe yana raguwa da kimanin kashi 13 cikin 100 a duk tafiyar shekarar haske 3,300 in kana nisantar tsakiya, har sai can gefe inda raguwar ke lafawa. Ke nan daga ciki aka fara gini.

Abin da zan ba ka shawara shi ne kada ka tsaya a bayani. Bayanan Gaia kyauta ne a intanet. Ka nemi taurarin da ke cikin digiri biyu ko uku daga tsakiyar Kaza, ka zaɓi waɗanda awon nisansu, wanda ake kira paralas, yake tsakanin 7 da 7.8 a ma'aunin da Gaia ke amfani da shi, motsinsu kuma yake kusa da +20 a gefe ɗaya da −45 a ɗayan. Za ka sami ɗaruruwa. Ka sa ɗalibai su zana haske a kan launi, ko da a takardar jadawali ce da fensir, kowa ya ɗauki taurari ashirin. Sahun zai fito a gaban idonsu, har da siririn sahu na biyu na tagwaye a samansa. Sannan ku yi na M67 ku ajiye su gefe da gefe, ka bar wanda ya yi tambayar ya nemo kwanar da kansa. Daga Nuwamba zuwa Maris Kaza tana sama da daddare bayan isha, sai ku fita fili ku dube ta in hazo ya yi sauƙi. In sun tambaye ka lamba, ka ce shekara miliyan 110 zuwa 130, ƙarfenta kusan daidai da na Rana, kuma duk wanda ya rubuta musu miliyan 115.3 ba tare da ya faɗi girman kuskurensa ba, su tambaye shi da wane layin tsara ya yi aiki.